Kwalaben Saratu da Gemuna

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a farkon shekarun casa'in ba, lokacin ina aikin kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a wata sakandare a nan Kontagora. Zan ba da labarin bi da bi yadda ya faru, domin ba na son labarin da ake farawa ta tsakiya.

Da farko ya kamata mai karatu ya san ni. Karatuna bai yi nisa ba. Firamare na gama, sai wani gajeren kwas da aka tura mu, inda muka koyi sunayen kwalabe da abin da ke ƙona hannu. Amma abin da na rasa a takarda na cike shi da tsari. A ɗakina kowace kwalba tana da mazauninta, gajeru a gaba, dogaye a baya. Yaro in ya shigo, ya wanke hannu, ya zauna, sannan ya buɗe baki. Babbar dokata kuwa ita ce kwalba mai datti ba ta kwana. Yara suna kirana Baba Lab a gabana. (Abin da suke kirana a bayan idona ma na sani, ba zan rubuta shi ba.)

Bayan dokokina, abin da nake taƙama da shi shi ne wani tsohon firij mai aiki da kananzir. Wutar gari a lokacin sai ta ga dama take zuwa, amma firijina bai taɓa yin ɗumi ba, saboda kullum da safe ni nake duba lagwaninsa in zuba masa mai. Wannan firijin ne ya kawo mini Saratu.

Saratu tsohuwar ɗalibarmu ce, 'yar wani manomi daga Ibeto. Kanta yana ja ƙwarai, amma a wajen wanke kwalba Allah bai ba ta ba. Sau da yawa na tsare ta bayan an tashi ta sake wanke abin da ta rantse ta wanke. Ta gama ta tafi jami'a, daga can muka ji ta wuce Turai neman digirin dakta. Sai ga ta ran wata Litinin a ƙofar ɗakina, rungume da fulas irin na ƙanƙara, tare da Malam Ndagi malamin kemistiri. Shi Banufe ne, ni kuma kakana Bakatsine, saboda haka tsakanina da shi babu gaisuwar arziki sai tsiya.

“Baba, ina wuni? Har yanzu gajeru a gaba?” in ji ta, ta rusuna.

“Har gobe,” na ce. “Kin wanke hannu?”

Ta yi dariya, ta je ta wanke. Malam Ndagi ya ce, “Ka gani ko? Mutum ya ƙetare teku ya dawo, bawana yana tambayarsa sabulu.”

Na ce masa bayi ba sa magana in manya suna gaisawa, na ba ta kujera, na tambaye ta abin da take dafawa a can shekara da shekaru. Ta yi mini bayani da Hausa sassauƙa, kuma zan maimaita shi yadda na fahimta. Ta ce jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma a bayan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan ƙofofi, kowace da irin kwaɗonta. Aikinta shi ne ƙera makullin da zai dace da irin ƙofa ɗaya tak, wadda ta fi yawa a jikin ƙwayoyin da suka kamu da wata cuta ta jini. Sunan makullin feftayid. Ta nuna carbin da ke hannuna ta ce haka ake jera shi, ɗa bayan ɗa, sai dai kowane ɗa daban yake, in ka sa na uku a wurin na huɗu aikin ya lalace.

“A ɗaura ɗaya, a wanke,” in ji ta. “A ɗaura na gaba, a sake wankewa. Haka har ƙarshe. Sannan a ɗaura masa wani rini a wutsiya, wanda yake haske in an haska shi da wata irin fitila. In makullin ya je ya kama ƙofarsa, likita ya leƙa madubinsa mai ƙara girman abu ya ga ƙwayar tana haske, ya san ita ce mai cutar.”

Wallahi ban taɓa jin ilimin da ya kwanta mini a rai kamar wannan ba. Jeri da wanki! Na dubi Malam Ndagi na ce, “Ka ji ko? Har Turai da dokata suke aiki.”

Sai ta buɗe fulas ta fito da wani gwangwanin madara da aka rufe. Ta ce duk aikinta yana ciki. Mako mai zuwa za ta kai shi wani babban asibiti inda malaminta ya shirya mata a gwada shi a kan jinin majinyata, kuma sakamakon gwajin nan shi ne zai rufe karatunta. Amma tana so ta je Ibeto ta ga mahaifiyarta, can kuwa babu wuta, abin kuma ba ya son zafi.

“In gwajin bai yiwu ba fa?” na tambaya.

“Kada ma ka faɗa, Baba.”

Na karɓi gwangwanin da hannu biyu na sa a firij. Kafin ta tafi, Malam Ndagi ya roƙe ta in ta dawo ran Laraba ta nuna wa 'yan ajin ƙarshe wannan haske, shugaban makaranta ma ya ce zai zo ya gani.

Ran Laraba na riga kowa zuwa. Na share ɗaki, na goge tebura, na rufe tagogi da tabarmi da tsofaffin labule kamar yadda ta ce, domin fitilarta sai da duhu. Na duba lagwanin firij. Daga nan ya kamata in rufe shi in zauna. Amma idona ya sauka a kan gwangwanin, na tuna shugaban makaranta zai tsaya a nan a buɗe shi a gabansa, ni kuwa ban san halin da cikinsa yake ba. A ɗakina! Na ce bari dai in leƙa.

Kwalabe huɗu ne ƙanana, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, an nannaɗe su da takarda mai ƙyalli irin wadda ake samu cikin kwalin sigari. Na farko dai wannan takarda ba ta yi mini ba, na ware ta. Biyu daga cikin kwalaben akwai abu a ciki ƙarara, ɗaya farin gari, ɗaya ja kamar garin barkono. Waɗannan na mayar da su yadda suke. Sauran biyun kuwa babu komai a ciki. Na ɗaga su sama, na juya, na girgiza. Babu komai sai wani ɗan dabbare rawaya a gindi, kamar abin da shayi yake bari a kofi.

Na girgiza kai. Na ce a raina, yarinyar nan har Turai ta je, ta yi amfani da abu ya ƙare, ta kasa wanke kwalbar, ta ɗauko dattin ta hau jirgi da shi. Na ji tausayinta ma. Na ce ba zan bari ta ji kunya a gaban shugaban makaranta ba.

Na buɗe su, na zuba ruwa. Ruwan ya koma rawaya-rawaya mai ɗan kore, na ce to ga datti ya fara fita. Na sa sabulu, na sa ƙaramin buroshi, na toshe baki da babban yatsa na girgiza, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa. Dattin yana da taurin kai, amma na fi shi. Da na gama suna ƙyalli, na kife su a kan katakon shanya. Na goge hannuna a tawul, na ƙarasa a gaban rigata, na share gumin goshi, sannan na shafa gemuna kamar yadda nake yi duk lokacin da na ji daɗin aikina. (A ranar na ji daɗin aikina sosai, saboda haka gemun ya sha shafa.)

Da hantsi ɗaki ya cika. Shugaban makaranta yana kan kujera a gaba, Malam Ndagi ya jingina da ƙofa, yara sun matsu har bango. Saratu ta iso a gurguje, ƙurar babur a ƙafarta, ba ta ko buɗe firij ba. Kafin ta fara, na ɗaga hannu na ce ina da magana. Na ce wa yaran, na ɗaya babu surutu, na biyu babu turereniya, na uku duk wanda ya taɓa abin da ba nasa ba zai gamu da ni. Na koma gefen tebur na tsaya, hannuwa a baya.

Aka rufe ƙofa, ɗaki ya yi duhu. Saratu ta kunna wata 'yar fitila mai batir, haskenta shuɗi ne mai rauni. Ta ce kafin ta fito da rinin tana so su ga cewa ba kowane abu ne yake haske a ƙarƙashin fitilar ba.

“Ku duba hannuna, ba ya haske. Ku duba tebur, ba ya haske. Baba ma in na haska shi...”

Ta juyo da fitilar kaina, ba ta ƙarasa maganar ba.

Sai wata yarinya daga baya ta ce, “Innalillahi! Gemun Baba!”

Dariyar da ta tashi, na tabbata an ji ta har bakin titi. Ni ban ga gemuna ba, amma na duba ƙasa na ga gaban rigata. Ga shatin yatsuna nan kore shar, suna haske kamar an kunna su daga ciki. Na fito da hannuwana daga baya, faratan nan duk suna ci kamar idon mage. Daga baya aka gaya mini akwai wani layi a goshina daga wannan kunne zuwa wancan, kan hancina ma bai tsira ba, gemun kuwa ya fi komai, yana rataye a cikin duhu shi kaɗai.

“Yallaɓai,” in ji Malam Ndagi daga bakin ƙofa, yana ƙoƙarin danne dariya, “makaranta ta huta da sayen kananzir. Mu rataye Bakatsinen nan a tsakiyar aji kawai.”

“Shiru!” na daka tsawa, na ɗaga yatsa ina gargaɗi. Yatsan yana haske, yana kai da kawowa a cikin duhu. Wani yaro ya faɗo daga kan benci. Shugaban makaranta da kansa ya sa hula a baki.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya, Saratu. Fitilar ta bar fuskata a hankali, ta tafi wurin famfo. Bahon wanki yana haske. Buroshi yana haske. Tawul yana haske. Sannan ta tsaya a kan katakon shanya, inda kwalabe biyu suke a kife, su kaɗai ne ba sa haske ko kaɗan.

“Baba,” ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “ka buɗe gwangwanin?”

A nan ne abin kunyar yake, domin har lokacin ban gane ba. Na gyara tsayuwa, da gemuna mai haske, na ba ta rahoto a gaban kowa. Na ce na farko na cire waccan takarda, na biyu na ware masu kaya da marasa kaya, na uku na wanke marasa kayan, tunda na ga har yanzu wanki yana ba ta wahala. Na ƙara da cewa kada ta damu, ba sai ta gode ba.

“Ruwan fa?”

“Ya bi kwata.”

Ta jawo kujera ta zauna. Dariyar ta mutu da kanta. Malam Ndagi ya matso kusa da ni, kuma a karon farko tun da na san shi bai kira ni bawa ba. Ya ce, “Malam, wannan dabbaren da ka gani, shi ne aikin. Abin ba ya da yawa, iyakarsa ke nan. Shi ne a gemunka.”

Sai a lokacin na gane. Shekarun yarinyar nan, ɗa bayan ɗa, ɗauri bayan ɗauri, rabinsu a kwata, rabi a fuskata.

Shugaban makaranta ya miƙe ya ce a buɗe taga, ya ce in same shi a ofis yanzu. Na san me wannan yake nufi, kuma na san na cancanta. Amma Saratu ta tashi ta ce, “Yallaɓai, don Allah a bar tagar, a bar Baba. Laifina ne. A ɗakin nan na tashi, na san dokarsa, na san ba ya ganin kwalba ya ƙyale. Ban rubuta komai a jiki ba, ban ce masa kada ya buɗe ba. Ni ya kamata in sani.”

Ta juya ga yaran. Ta ce, “Tunda darasi ya zo da ƙafarsa, ku matso. Baba, yi haƙuri ka tsaya a nan.” Ta haska gemuna ta ce su lura, abin da ke cikin kwalaben bai kai ƙwayar gero ba, amma ga yadda ya bayyana duk inda ya taɓa. Ta ce haka likita zai ga ƙwaya mai cuta a cikin dubban masu lafiya. Yara suka yi ta tambaya, tana amsawa. Ni kuwa na tsaya ƙyam kamar allo, ana nuna ni da alli, har aka buga ƙararrawa. Ban taɓa amfanar ajin kemistiri kamar ranar ba.

Da kowa ya fita, ta ce in ba ta ɗan lokaci, ta shiga ƙaramin ɗakin ajiya ta rufo ƙofa. Na ji tana jan hanci. Na tsaya a bakin ƙofar ina korar masu leƙe, domin shi kaɗai ne aikin da na san ba zan ɓata ba. Da ta fito, ta buɗe firij ta duba sauran kwalabe biyun da kyau. Farin garin, in ji ta, shi ne makullin kafin a ɗaura masa rini, jan kuma shi ne rinin. Ba a nan za ta iya haɗa su ba, sai ta koma can, ta ɗaura, ta tace, ta sake tacewa, aikin watanni. Gwajin mako mai zuwa ya rushe. Sai ta roƙi malaminta ya ƙara mata lokaci, kuma ba ta san ko zai yarda ba.

“Amma da ka wanke waɗannan ma,” ta ce, “da sai in koma Ibeto in ɗauki fartanya.”

Na buɗe baki in ba ta haƙuri, na kasa jera maganar. Ni da ba na magana sai da na ɗaya da na biyu, ranar ko na ɗaya ban samu ba.

Kashegari Malam Ndagi ya goya ni a babur ɗinsa muka tafi Ibeto, domin na ce sai na ba mahaifiyarta haƙuri da bakina. Muka sami tsohuwar tana sussukar dawa a tsakar gida. Ta saurare ni har na gama, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausarta mai garɗin Kambarci, “Ashe kai ne mai wankin? To ga tukwanena can, tun jiya suke jiran gwani.” Matan gidan suka fashe da dariya. Sannan ta ce Saratu ta gaya mata ni ne na koya mata tsabtar aiki tun tana yarinya, saboda haka a bar maganar, Ubangiji yana da hanyarsa. Ta hana mu tafiya sai da muka ci tuwo. Malam Ndagi ya ci nasa ya ci rabin nawa, wai mai laifi ba ya ƙoshi.

Watannin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Yara suka sauya mini suna zuwa Baba Fitila, wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne rashin sanin halin da Saratu take ciki. Duk salla sai na sa ta a addu'a, ina cewa Allah kada ka sa buroshina ya zama ajalin karatun yarinyar nan.

Bayan damina ta zagayo, ina cikin goge tebur da rana, sai na ji ana cewa, “Baba, na wanke hannu tun daga gida.” Ita ce. Malaminta ya ƙara mata lokaci, ta sake aikin, an yi gwajin, an ba ta digirinta. Ta miƙo mini wani hoto. Baƙi ne wuluk, sai wasu 'yan zobba kore masu haske a warwatse. Ta ce kowane zobe ƙwaya ce mai cuta, makullinta ya je ya kama ƙofofin da ke kewaye da ita, masu lafiyar kuwa suna nan cikin duhu bai kula su ba. Na daɗe ina kallon hoton. Na ce mata Dakta, ta ce a'a, Saratu dai. Ta ce malaminta da ya ji labarin ya yi dariya har da hawaye, kuma yanzu duk kwalbar da ke ɗakin bincikensu sai an rubuta mata a jiki cewa akwai abu a ciki.

Na gode wa Allah da ya sa kuskurena ya faɗa hannun mai haƙuri. Da ta ga dama, kalma ɗaya daga bakinta ta isa in bar aikin nan da kunya. Ta zaɓi ta ɗauki laifin da ba nata ba, a lokacin da ita ce aka yi wa ɓarna, kuma har na yi ritaya ba ta taɓa zuwa Kontagora ba tare da ta leƙo ni ba.

Darasin da na koya kuwa guda ɗaya ne, ba ya bukatar jeri. In na duba abu na ga babu komai, iyakar abin da na sani shi ne idona bai ga komai ba, sai in nemi mai shi in tambaya. Na riƙe wannan har a gida. Kwanan baya na ga wani kwano a kan turmi, na ɗauke shi na bi uwargida har madafa, na ce, “Hajiya, wannan akwai wani abu mai muhimmanci a ciki?” Ta leƙa, ta dube ni ta ce, “Malam, kwanon kaji ne. Ka wanke shi mana, tunda Allah ya hore maka.”